Inda Auta Take Dafa Gwiwa

Kwamfutar Mai Sitika ta mutu ranar da ya fi bukatarta, kamar yadda irinsu suka saba. Ya kunna ta da safe, ta yi gurnani, wani abu ya yi ƙas-ƙas a cikinta, allon ya tsaya baƙi ƙirin. Ga aikin allon wani shagon magani a kan teburi, an auna, an biya kuɗin leda, saura yanka.

Da wata kwamfutar ce da sauƙi. Amma injin yankan sitikarsa, wanda yake fitar masa da harufan allunan shaguna da rubutun jikin motoci, ba ya jin maganar kowa sai wannan tsohuwar da tsohuwar manhajar da ke cikinta. An taɓa haɗa shi da sabuwa, ya yi kunnen uwar shegu. Tun daga ranar Mai Sitika yake cika baki da cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Autarsa ce ta haɗa su tun tana sakandare. Ita ta zauna ta loda manhajar, ita ta koya wa injin da kwamfutar gaisawa. Yana iya tuna zamanta a kan kujerar roba, ta karkace, ta dafa gwiwa a jikin akwatin kwamfutar, shi kuma yana ta faɗa.

"Ke, zauna daidai mana! Kwamfutar ce matashinki?"

Sai ta yi dariya ta ƙi gyarawa.

Yanzu Auta tana wata ƙasa mai nisa, tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Tana kira, ba za a ce ba ta kira ba. Sai dai kiran nasu bai wuce tsawon atishawa ba: Baba ya jiki, ya shago, ina Mama? Sai ya miƙa wa matarsa wayar, su yi ta zuba, shi kuma ya koma gefe yana kasa kunne kamar baƙo. Laifin ba nata ba ne. Mutumin nan magana takan taru masa a ƙirji mako guda, da ya ji muryarta sai duk ta narke ta koma "lafiya lau". Kewarta yake yi, kewa mai tsanani, kuma bai san ta inda ake fara faɗin haka ba.

Injiniya, mai shagon gyara a tsallaken titi, ya zo da jakarsa da tumbinsa. Ya kwance murfin gefen akwatin, ya hure ƙura, ya ce rumbun ajiyar ne ya mutu. Ya sa wani. Ya ɓanɓare wani guntun abin goge fensir da ya gani manne da salatif a cikin murfin, ya wurga kwandon shara.

"Baba, har da shara kake ajiyewa a ciki?"

Saura a sake loda manhajar. Tsohuwar ba ta san filas ɗin USB ba, sai faifan CD. Mai Sitika ya lalubo faifan a ƙasan durowa, Injiniya ya zura. Allo ya yi shuɗi, wani layi rawaya ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama. Ya wuce rabi da kaɗan, faifan ya ɗauki gudu, akwatin ya hau rawa, sai layin ya cije. Rubutu ya fito cewa an kasa karanta faifan.

Injiniya ya goge faifan da gefen rigarsa. Nan dai ya tsaya. Ya tsallaka shagonsa ya kawo wani faifan. Nan dai. Ya canja abin karanta faifan gaba ɗaya, ya ciro ƙwaƙwalwar ya goge bakinta ya mayar, ya lallashi kwamfutar, ya zage ta, ya ba ta haƙuri. Layin nan yana zuwa wurinsa sai ya toge kamar jakin da ya ga rami.

"Wai wa ya loda mata tun farko?" in ji Injiniya yana sharce gumi.

"Auta."

"To kira ta mana!"

"Haba, yarinya tana can tana fama da aikinta, in kira ta a kan kwamfuta?"

"To ka zauna da girman kanka, ni ina da masu jira. In ta faɗi wani abu ka leƙo."

Ya fita ya bar akwatin a buɗe, hanjinsa a waje. Mai Sitika ya daɗe yana juya wayar a hannu. Shi bai taɓa kiranta ba, kullum ita ce mai kira. Ya danna.

"Baba? Lafiya? Mama fa?" Muryarta a tsorace.

"Lafiya lau, kwantar da hankalinki. Tsohuwarki ce ta ƙi tashi."

"Wace tsohu... kai, Baba! Har yanzu tana nan?"

Ta kwashe da dariyar nan da ya kwana biyu bai ji ba. Ta ce yau hutunta ne, ya faɗa mata komai. Ya faɗa, tiryan-tiryan, har ya zo kan layin da yake tsayawa.

"Murfin gefe a rufe yake ko a buɗe?"

"A buɗe."

"Akwai wani abin goge fensir a jikinsa."

Mai Sitika ya dubi kwandon shara. Ya durƙusa, ya tona cikin tarkacen leda har ya samo shi, da sauran tabon biro inda ta taɓa zana masa ido biyu.

"Baba, ramin da faffaɗar wayar nan take shiga a jikin babban allon ciki ya tsage tun da daɗewa. In faifai ya ɗauki gudu sai girgiza ta sassauta wayar. Ka manna robar daidai saitinta, ka rufe murfin, sannan ka danna shi da gwiwa. Kar ka saki sai an gama."

Ya manna robar, ya rufe murfin.

"Ashe shi ya sa kike zaman nan."

"Shi ya sa mana. Kai kuma kana ta yi mini faɗa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da na faɗa da ka kai ta wajen gyara, ni kuma a ce in koma gida in yi wanke-wanke."

Ya jawo kujerar robar, wadda bai taɓa bari kowa ya fitar daga shagon ba. Ya zauna a karkace, dattijo da furfurarsa, ya dafa gwiwa inda fentin akwatin ya ɗan koɗe. Sai yanzu ya lura da koɗewar. Ya sa wayar a lasifika ya ajiye kusa da linzamin kwamfutar, suka fara daga farko.

Layin rawaya tafiyar hawainiya yake yi, kuma babu abin yi sai jira. Ta tambaye shi ko fankar sama tana nan da kukanta. Ya ɗaga wayar ta ji da kunnenta. Ta tambayi mai gyaran takalmin bakin ƙofa, ya ce ya koma wajen ɗansa, yanzu mai sayar da caja ne a wurin. Ta ce wani lokaci in ta buɗe sabuwar leda a wurin aiki sai warin gam ɗin shagon ya faɗo mata, ta tsaya kamar wata sokuwa. Ya ba ta labarin ranar da ya yanka allon wani mai aski harafi ɗaya a juye, mutumin ya ƙi yarda a gyara wai ya fi jawo ido. Bai san yana da labarai haka ba. Suna ta fitowa, wani na jan wani.

Faifan ya ɗauki gudu, akwatin ya yi rawa a jikin gwiwarsa. Layin ya zo wurin da yake cijewa, ya wuce salin-alin.

"Ya wuce!" ya ce.

"Ka gani ko? Saura kaɗan. Da ta gama sai in bar ka ka yi aikinka, ni ma wanki yana jirana."

Mai Sitika ya dubi layin. Ɗan abin da ya rage bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ya dubi ledar shagon magani a kan teburi, ya dubi wayar. Ya san in aka gama, kira na gaba zai koma Baba ya jiki, ina Mama.

A hankali ya janye gwiwarsa.

Faifan ya yi wani ƙara, layin ya tsaya, rubutun nan ya dawo.

"Af," ya ce, "ta sake tsayawa."

Fanka kawai ake ji.

"Baba."

"Na'am."

"Gwiwar ce ta gaji?"

"Tsufa ne, Auta."

Ta yi 'yar dariya, amma ya ji ta ja hanci.

"To wankin ba guduwa zai yi ba. Kashe ta ka kunna, mu sake daga farko. Mai askin nan, har yanzu harafin allon nasa a juye yake?"

Ya goge idonsa da bayan hannu, ya gyara zaman kujerar, ya mayar da gwiwarsa wurinta.