Littafin Sodangi Mai Tuwo

Mutumin bai tambayi jarida ba, bai kuma nufi kantar littattafan jarrabawa ba, inda kusan duk mai shigowa ɗakin karatun yake fara tsayawa. Kai tsaye ya zo gaban teburin Abdullatif, ya yi sallama, ya ce sunansa Talha, daga Kurfi yake. Dattijo ne mai furfura jefi-jefi, farin yadinsa ya sha guga, hannunsa na dama yana cikin aljihu.

"Malam, an ce kana da tsofaffin littattafan kasuwa."

"Akwai 'yan kaɗan," in ji Abdullatif.

Ba kaɗan ba ne. Tun yana jami'a yake bin masu kasa littattafai a bakin tasha, da masu tsire da ƙosai waɗanda ke sayen tsofaffin takardu a buhu don naɗe wa mutane kaya. Daga hannunsu ya ceto labaran mayu da fatalwa da 'yan fashi, masu jajayen bango da zanen idanu a zazzare, waɗansu da tabon mai a shafin farko. Ƙungiyar unguwa da ta buɗe wannan ɗakin karatu a Dutsin-Ma ta ɗauke shi ne ya kula da littattafan makaranta. Kabad ɗin ƙarfen da ke bayan kujerarsa kuwa nasa ne, kuma ba ya buɗe shi sai ɗaki ya watse.

"Akwai wani siriri da aka rubuta da ajami," in ji Talha. "Labarin wani mai sayar da tuwo a tashar Kurfi."

Abdullatif ya gane littafin nan take. Cikin duk abin da ya tara, babu wanda ya kai wannan a wurinsa. Rubutun hannu ne aka buga da tsohon injin kwafi, babu sunan marubuci. Labarin Sodangi ne, ɗan daudu: yadda yake ɗaura zane a kan wando, irin habaicin da yake yi wa direbobi, shekarar da amai da gudawa ta shiga tasha shi ya yi jinyar baƙin da kowa ya guje wa, sai kuma ranar da aka tashe shi daga garin. Wanda ya rubuta bai zage shi ba, bai yabe shi ba. Ya faɗi yadda mutumin ya rayu ne kurum, abin da Abdullatif bai taɓa gani a takarda ba game da irin su Sodangi. Bai san da wani kwafi ba a duniya sai wannan.

"Ban san shi ba," ya ce. "Wa ya faɗa maka yana nan?"

"Magana ce ke yawo."

"A bakin wa?"

Talha ya yi murmushi, ya dubi kabad ɗin kamar yana gwada kaurin ƙarfensa da ido. "Ka dai duba mini, Malam. Zan dawo."

Bayan fitarsa Abdullatif ya zauna yana tariyar fuskoki. Mutum ɗaya ya taɓa nuna wa littafin, wani abokin karatunsa, kuma tun a lokacin ya yi da na sanin nuna masa. Ko ta can magana ta fita? Ko matar da ke share ɗakin? Da kuma hannun nan da bai fito daga aljihu ba har aka gama magana: waya ce yake riƙe da ita, tana ɗaukar murya?

A cikin makon Alhaji Ummaru, shugaban ƙungiyar, ya biyo da motarsa, bai ma kashe ta ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Abdullatif, wani ya kawo mini ƙorafi wai akwai littattafan banza a nan. Na ce masa yaron nan ɗan boko ne mai hankali. Amma kwamiti zai zo ya zazzaga, don a rufe bakin mutane."

"Ranka ya daɗe, wa ya kawo ƙorafin?"

"Kai dai ka kimtsa wurinka."

Washegari Talha ya dawo. Wannan karon ya zauna, ya ɗauki wani littafin kiwon kaji ya buɗe a cinyarsa, shafin bai motsa ba har ya tashi. Da zai fita ya ce, "Ba saye zan yi ba. In gani da idona kawai."

Abdullatif bai ga abin da ya rage a bincika ba. A ganinsa mai ƙorafi da mai neman littafi mutum ɗaya ne, ana so ne a tabbatar abin yana nan kafin a zo da shaidu. Ya san yadda irin wannan zazzagawa take ƙarewa: a tara takardu a tsakar gida, a zuba kananzir, a yi masa nasiha. Da la'asar ya kwashe kabad ɗin kaf ya zuba a buhun wake, ya sa na Sodangi a can ƙasa, ya ɗinke baki. Ya hau kabu-kabu sai Karofi, gidan ƙanwar mahaifinsa, Gogo Kande.

"Latifu, wake ka kawo mini da damina, ko kuwa duwatsu?" in ji ta, ganin yadda mai babur ya yi nishi wajen saukewa.

"Littattafai ne, Gogo. Masu muhimmanci. Kada ki bari kowa ya taɓa."

"Wa zai taɓa? Jikokina in sun ga takarda gudu suke yi."

Ya ajiye buhun a ɗakin da take tara hatsi, a kusurwa, bayan turmi. Bai faɗa mata abin da ke ciki ba. A kan hanyar dawowa ma sai da ya yi ta waiwaye ko akwai babur a bayansu.

Kwamiti ya zo, ya buɗe kabad ya tarar da gizo-gizo da tsohuwar fitila, aka sha ruwa aka tafi. Talha bai zo tare da su ba, bai kuma sake leƙowa ba. Shirun nan ya fi zuwansa damun Abdullatif. Da abin ya ishe shi, sai ya shiga mota ya tafi Kurfi, ya ce gara ya san da wa yake yi.

A tasha ya sayi tuwo wajen wata tsohuwa da ake kira Tani, ya zauna a bencinta yana ci a hankali. Ya yaba miya, ya tambayi farashin dawa, sannan ya jefa sunan Talha.

"Talha tela? Mai shago bayan masallaci?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan sanda ne?"

"A'a, Inna. Malamin makaranta ne."

"Duk haka kuke cewa." Ta juya miyarta. Sai da wani kwandasta ya karɓi kwanonsa ya yi nisa, sannan ta rage murya. "Nan inda kake zaune rumfar kawunsa ce. Sodangi. Uwar yaron ta rasu ta bar shi yana rarrafe, Sodangi ya goya shi da zane, yana tuƙa tuwo yana jijjiga shi. Da aka kori mutumin, dangin uba suka ɗauke yaro, suka hana a ambaci sunan a gidansu. Har gobe ba a ambata."

"Shi Talha yana ambata?"

"Ni ban taɓa ji ba. Yanzu fa babban mutum ne, 'yarsa ma wani ɗan sarauta ke nema. Ƙara maka miya za a yi?"

A mota Abdullatif ya juya maganar ta kowace fuska, bai samu inda ta tsaya ba. Mutumin da aka goya yana iya neman littafin don ya ga wanda ya goye shi. Mutumin da ke shirin haɗa surukuta da gidan sarauta yana iya nemansa don kada kowa ya sake gani. Duk da haka ya yanke shawara zai ɗauko shi, ya buɗe a gaban Talha, littafin yana hannunsa shi, ba a hannun Talha ba.

Da ya isa Karofi ya tarar da littattafansa a jere a kan wani katako da aka ɗora bisa duwatsu, an lulluɓe su da tsohon zane. Buhun yana shanye a kan danga, gindinsa duk ɓula.

"Allah ya so ka da ni," in ji Gogo Kande. "Ka aje takarda a ƙasa da damina, kai da ka yi jami'a? Gara ta shiga ta ƙasa. Na kwashe na kakkaɓe na shanya, har da masu zanen dodanni, Allah ya shirye ka."

Ya durƙusa yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarshe, ya sake farawa.

"Gogo, akwai wani siriri, na ajami."

"Wannan ai shi ya fi ciwuwa, gefensa duk ya zama gari. Da na ɗaga na ga Bisimilla a samansa, jikina ya yi sanyi. Sunan Allah a ƙasa, ƙwari na ci, a ɗakina! Na yi alwala, na wanke kasko, na ƙone shi da hannuna. Tokar na binne ta a gindin bishiyar bedi, inda ƙafa ba ta takawa."

"Kin karanta shi?"

"Ni da ban wuce Bisimillar ba? Ko addu'o'in kakanka ne?"

Ya dubi fuskarta, ya ga babu komai a ciki sai jiran godiya. Haka ta ga iyayenta suna yi da duk takardar Larabci da ta tsufa, haka shi ma ya taso yana gani. Da ya buɗe baki ya faɗa mata ko da rabin gaskiya ranar da ya kawo buhun, da ta ajiye masa ko guntun da ya rage.

"Kin kyauta, Gogo," ya ce.

Bai jira Talha ya zo ba, shi ya koma Kurfi. Ya same shi a shago yana yanka shadda, ya jira har mai kayan ya fita, sannan ya ce, "Littafin da kake nema yana wurina a da. Yanzu babu shi. Ya ƙone."

Talha ya ajiye almakashi. "Ranar farko ka ce ba ka san shi ba. Yau kuma ya ƙone. Gobe me za ka ce?"

"Wallahi ya ƙone."

"Ko dai ka samu mai saye daga Kano?"

"Kai ne ka kai ƙarata wurin Alhaji Ummaru?"

"Wane ne Alhaji Ummaru?"

Suka tsaya suna kallon juna, keken ɗinkin maƙwabci yana ta ƙara ta bayan katako. Abdullatif ya nemi alamar ƙarya a idon dattijon bai samu ba, amma ya san shi ma haka ya daidaita tasa fuskar ranar da ya yi musu.

"Na karanta shi ba adadi," ya ce daga baya. "Kusan duk yana kaina. In kana so, sai in faɗa maka."

Talha ya tashi ya leƙa waje, ya saki labule, ya dawo ya zauna. Ya daɗe yana naɗe tef ɗin awo a yatsansa.

"Abu ɗaya nake son sani. A ciki an ambaci wani yaro?"

Abdullatif ya bi shafukan a zuciyarsa tun daga Bisimilla har layin ƙarshe: direbobi, tukwane, majinyata, motar da ta tafi da Sodangi. Babu yaro. Yana iya ƙirƙiro shi nan take, da zanen goyo da komai, kuma babu sauran takardar da za ta ƙaryata shi. Amma bai san wace amsa mutumin ya zo nema ba.

"Ba a ambata ba."

Talha ya rufe ido, ya saki dogon numfashi. Abdullatif ya ƙura masa ido yana so ya gane ko na wanda aka sauke wa kaya ne, ko na wanda aka yi wa rashi. Bai gane ba.

"To," in ji Talha, ya turo masa kujera da ƙafa. "Fara daga farko. Amma ka rage murya."