Izinin Fitar Inna Hadijatu

Mukhtaru mai tsire a unguwar Mansur ta Makka yana ɗaukar kansa masanin alhazai, tunda a nan aka haife shi. Dokarsa ɗaya ce: ba a kai wa alhaji mugun labari sai ya gama aikin Hajji.

Wata shekara kawunsa Datti ya zo aikin Hajji daga Limbe, tsohon garin nan na bakin teku a Kamaru mai gine-ginen Jamusawa, ya sauka a gidansa. Tsohon na Mina wajen jifa wayar shago ta yi ƙara. Raliya ce, 'yar Kawu.

"Yaya Mukhtaru, dutsen bayan gari ya fara aman wuta. Ƙasa na girgiza, toka ta rufe kwanon gida, maƙwabta sun kwashe. Inna ta ce ba za ta taka ƙofa ba sai da izinin Baba. Ka san ƙirjinta."

"Halas, shi ke nan, ki kwantar da hankali, zan gaya masa."

Bai gaya masa ba. Ya kai wa Kawu abinci har tanti, ya same shi da sabon aski yana dariya, ya ga ai zalunci ne a ɓata wannan fuska. Ya dawo yana jin kansa mai hikima. Sai dai duk sanda ya fifita garwashi toka ta tashi, sai ya kawar da kai. Wayar ta sake ƙara, ya ce a ransa hannunsa duk ƙuli ne, bai ɗauka ba.

Ranar da Kawu ya dawo daga Mina, Mukhtaru ya fara da doguwar shimfiɗa kan ƙaddara.

"Kai, ɗan Larabawa, wa ya mutu?"

"Babu, Kawu. Dutse ne."

Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce a buga masa lambar gida. Mukhtaru na tsaye yana jin tarin Inna Hadijatu ta cikin wayar, tari mai tsawo, har ta kasa amsa sallama.

"Hadijatu, fita. Raliya, kai ta asibiti yanzu."

Ya ajiye wayar a hankali.

"Kawu, na ga kana cikin ibada ne..."

"Jifa nake yi da hannu, Mukhtaru. Bakina ba abin da yake yi."

Mukhtaru ya miƙa masa tsire mai zafi. Kawu ya ja kujera kusa da wayar, ya zauna, bai duba farantin ba.