Wayar da Kyaftin Ya Manta

"Ba wannan ba, Tela. Jar nake nufi, mai zuwa daga batir."

Tela ya ɗago wayar ya kai ta kusa da ido. "Baba Kyaftin, ai babu ja a nan. Duk sun koma kalar ƙasa."

"Kankare ta da farce ka gani."

Ya kankare, sai ga ja ta fito daga ƙarƙashin dauɗa.

A tsakar gidan Kyaftin suke, tsohon direban jirgin fito, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da shagon Tela. An rataye injin jirgin a bakin wani duro cike da ruwa, farfelarsa a nutse. Tsohon makunnin injin, inda ake zira makulli a murɗa, tsatsa ta cinye shi har makulli ya karye a ciki. Sabon yana hannun Tela, da 'yan ƙafafu a bayansa, kowace tana jiran wayarta.

Tela bai san kan wani inji ba in ban da kekensa na ɗinki. Don hannunsa aka kira shi. Tun da aka sallamo Kyaftin daga asibiti, da ledar magunguna ba tare da ranar komawa ba, yatsunsa ko cokali ba sa riƙewa. Da safen nan ya buga katanga da sandarsa har Tela ya leƙo.

"Wanda ya iya zira zare a allura ai ya iya sa waya a rami," in ji shi. "Kai ne hannu, ni ne kai."

Yanzu yana zaune a kujerar roba, an tokare masa baya da matashi, bargo a gwiwa duk da zafin rana. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ta ƙi shiga.

"Ka cire kan batir?"

"Na cire."

"Sake dubawa. Ba na son matarka ta zo ta ce na gasa mata miji."

Auta ta fito daga ɗakin girki da kofin ruwa da ƙwayar magani. Ita ce 'yar Kyaftin ta ƙarshe. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gida da yaranta biyu, tana noman kayan lambu a ƙetaren kogi. Tun da injin ya mutu, da filafili take tuƙa jirgin, in ta iso kasuwa da rana tsaka ganye ya riga ya yi yaushi. Yayanta da ke birni ya bugo waya ya ce a kai injin wurin masu gwangwan a huta. Kyaftin kuwa aike ya yi aka sayo sabon makunni.

"Baba, likita cewa ya yi ka kwanta."

"Kwanciya tana gaba, Auta. Mai yawa ma."

Ta sa masa ƙwayar a baki, ta riƙe masa kofin ya sha, ta koma ciki.

Aiki ya ci gaba a hankali. Tela yana fere bakin kowace waya da reza, ya murɗe zaren tagullar, ya ɗaure da sukudireba. Ja ta tafi ƙafar batir. Rawaya mai ja a jiki ta tafi ƙafar tayar da inji. Baƙa ta tafi ta ƙasa. Inda launi ya ɓace gaba ɗaya, Kyaftin yakan ce a miƙo masa, ya shafa da bayan yatsa, ya bi ta da ido har inda ta shige.

"Tsohon injin nan ya girmi Auta," ya ce. "Bai taɓa barina a tsakiyar ruwa ba. Ƙorafi dai yake yi, kamar surukinka."

Saura waya ɗaya, baƙa siririya.

"Wannan fa, Baba?"

Kyaftin ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Tela ya sunkuyar da kai yana goge sukudireba a wandonsa.

"Ta fitila ce, ina jin," Kyaftin ya ce daga baya. "Naɗe bakinta da salatif ka bar ta."

Tela ya naɗe, ya mayar da kan batir. Kyaftin ya miƙo hannu wajen makulli, yatsun suka kasa kama shi. Sai Tela ya ɗora nasa a kan na tsohon, suka murɗa tare.

Injin ya yi tari, ya sake yi, sannan ya ɗauka da ƙarfi. Ruwan duro ya hau tafasa yana fantsama, hayaƙi shuɗi ya cika tsakar gida. Kaji suka tsallake katanga. Matan maƙwabta suka leƙo ta ƙofa suna toshe hanci da mayafi.

"Ya isa! Kashe shi!" Kyaftin ya ce.

Tela ya mayar da makulli baya. Injin bai kula ba. Ya zare makullin gaba ɗaya, ya ɗaga shi sama yana nuna wa Kyaftin, injin kuwa sai ƙara kuka yake, duro yana rawa yana neman kifewa.

Auta ce ta fito da gudu, hannunta duk kumfar sabulu. Ta danne injin da hannu ɗaya, ta fizge tiyon mai da ɗayan. Ya ci gaba da ruri na ɗan lokaci, sannan ya fara sassautawa, ya yi shaƙuwa, ya yi shiru.

Kyaftin dariya yake yi har da hawaye, dariyar ta juye tari, Auta tana bubbuga masa baya.

"Ta kashewa ce!" ya ce da numfashinsa ya dawo. "Wace fitila! Wayar kashe inji ce muka naɗe. Auta, kin gani? Ƙafar da ke kusa da ta ƙasa."

"Na gani, Baba. Yanzu dai sai ɗaki."

"Gobe ma ƙarasa, Tela. Ka zo da rezarka."

Suka kama shi ta hammata biyu suka kai shi gado. Tela ya yi mamakin rashin nauyinsa, kamar an ɗauki riga a rataye.

Washegari da hantsi Tela yana yanka yadi sai ya ji an ƙwanƙwasa ƙofar shago. Auta ce tsaye, idonta a bushe.

"Yaya Tela, Baba ya cika. Na kai masa ruwan wanke fuska na tarar."

Tela ya ajiye almakashi. "Allah ya ji ƙansa," ya ce. Ya rufe shago ya bi bayanta.

Aka kai Kyaftin makwancinsa kafin rana ta take. Mutane suka cika layi, tsofaffin fasinjojinsa da masunta da 'yan kasuwa, kowa da labarin ranar da ya tsallakar da shi. Yayan Auta ya zo daga birni, ya tsaya gaban duro ya dubi injin, ya ce in an natsu sai a san yadda za a yi da shi. Auta ta ce an riga an sani.

Bayan baƙi sun watse, wata safiya ta leƙo shago. "Yaya, ara mini rezarka."

Ya biyo ta da kansa. Ita ta warware salatif ɗin, ta fere bakin wayar, ta ɗaure ta a ƙafar da ke kusa da ta ƙasa. Shi makunnin kawai ya riƙe mata. Ta murɗa makulli, inji ya tashi. Ta mayar, ya mutu nan take.

A baro suka tura shi zuwa bakin kogi. Masunta suka taya su ɗaura shi a bayan jirgi. Auta ta jera kwandunanta, ta ce ko zai shiga ta zaga da shi. Ya ce a'a, kowa da kiwon da ya karɓe shi, shi na tudu ne, kuma yana da ɗinkin mutane.

Bai tafi nan da nan ba dai. Auta ta tayar da inji, jirgin ya yi nisa, ƙarar ta ragu har ta zama kamar kukan sauro. Igiyar ruwan da ya bari ta iso gaɓa a makare, ta ɗaga jiragen da ke ɗaure ɗaya bayan ɗaya, ta sauke su.