Majinyatan Ƙarya

Tun da suka shigo ɗakin taron asibitin, Auta ta samu kujerar jikin bango ta lafe, kwamfutarta a kan cinya. Ko a ofis haka take, magana ba ta dame ta ba. Aikinta shi ne ta gwada manhajar da abokan aikinta suka gina, ta nemo inda take ɗingishi kafin a kai wa masu ita.

Yau ake miƙa wannan. Manhaja ce da za ta riƙe sakamakon gwajin jini, ta kuma tura wa majinyaci saƙo a waya idan nasa ya fito. An kafa babban allo a gaba, ma'aikatan jinya sun cika kujerun baya suna ta ƙus-ƙus. Oga, mai kamfanin da Auta ke wa aiki, yana tsaye cikin sabuwar riga yana zuba bayani.

"Mu aikinmu hawa-hawa ne, ranki ya daɗe," ya ce wa babbar likita. "Mu ji buƙatarku, a sa hannu. Mu zana, a sa hannu. Mu gina, mu gwada, mu miƙa. Matakin da aka rufe ya rufu, ba waiwaye."

Dogo, wanda ya rubuta rabin manhajar, ya sunkuyo kunnen Auta. "Ba waiwaye, ko da takalminka ne ya cire a baya." Shi tun farko so ya yi a riƙa ginawa kaɗan-kaɗan, ana kawo wa asibiti suna gani ana gyarawa. Oga ya ce wannan aikin marasa alƙibla ne.

Auta ta so ta murmusa, amma idonta ya riga ya faɗa kan allon. Jerin waɗanda za a tura wa saƙon farko ne ya bayyana, sunaye suna tafiya sama a hankali. A tsakaninsu ta hango Malam Ƙadangare. A ƙasansa Uwar Tukwane.

Ta sake karanta sunayen biyu.

Waɗannan ba mutane ba ne. Su suka ƙirƙire su lokacin gwaji, suna dariya, kowa yana gasar suna mai ban haushi. Amma lambobin wayar na gaske ne, don sai da waya a hannu ake tabbatar da saƙo ya isa. Uwar Tukwane tata ce. Lambar Mama ta saka mata, saboda tana so ta ga yadda rubutun zai fito a ƙaramar waya mai maɓallai. Ta ari wayar a gida, ta gwada, ta goge saƙon. Daga baya ta mayar da sakamakon zuwa mafi muni don ta sake gwadawa, sai asibiti ya matso da ranar miƙawa, Oga ya datse gwajin, ya zagayo da takarda kowa ya sa hannu. Share majinyatan ƙarya shi ne aikin ƙarshe a matakin. Ita ta zaci Dogo ya yi. Ashe shi ma ita ya zata.

Ta san abin da saƙon ke cewa, ita ta tace kalmominsa: sakamakonki ya fito, ki zo asibiti da gaggawa, ki taho da wani naki.

Kuma Mama ta ba da jini don gwaji a wannan asibitin satin da ya wuce. Tun ranar ba ta cin abin kirki, ga hawan jini, ga tunanin ƙanwarta da aka taɓa yi wa irin wannan kira ba ta dawo gida ba. Wayar ko banɗaki da ita take shiga. Yanzu kuma ita kaɗai ce a gida.

Auta ta kira ta a ƙarƙashin tebur. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake. Shiru.

Babbar likita ta karɓi magana tana godiya, Oga ya ja baya ya tsaya kusa da bango. Auta ta miƙe ta same shi.

"Oga," ta ce a hankali, "majinyatan gwaji suna ciki. Ba a share ba."

Bai ko juyo ba, murmushinsa na kan jama'a. "Kin sa hannu a kan gwaji ko ba ki sa ba?"

"Na sa, amma..."

"To gwaji ya wuce. Abin da ya ɓullo yanzu na matakin kulawa ne, gobe a duba. Kar ki ja mana abin kunya a gaban mutane. Koma ki zauna."

Ta koma, amma zaman ya gagara. Dogo ya dubi fuskarta, ya dubi allon, bakinsa ya buɗe.

"Innalillahi. Ƙadangarena ne wancan?"

"Yanzu sai ranki ya daɗe ta danna maɓallin tura saƙo da hannunta mai albarka," in ji Oga da ƙarfi.

"Don Allah a dakata," Auta ta ce. Tafi ya haɗiye muryar, ko na kusa da ita bai ji ba. Likita ta gyara tabarau, ta nemi wurin, ta danna.

Layin farko ya koma kore. Na biyu. Saƙonnin bi da bi suke fita, daga sama zuwa ƙasa. Wayar Dogo ta yi kuka a aljihunsa.

Auta ba ta san lokacin da kwamfutarta ta zame daga cinyarta ba. Ta ratsa tsakanin kujeru, ta buge kofin ruwan wani, ta durƙusa bayan teburin likita inda igiyoyi suka cakuɗe. Shuɗiya ce ta intanet, ita ta jona ta da safe. Ta fizge ta da hannu biyu.

Allon ya tsaya cak, wani ɗan da'ira yana ta juyi a tsakiya, ya rufe sunayen.

"Ke 'yata, lafiya?" in ji likita, tana leƙo ta ta saman tabarau.

"Akwai na ƙarya a ciki." Wannan karon muryar Auta ta fito. "Na gwaji ne, mu muka saka. Lambobin na mutanen gaske ne. Ɗaya ta mahaifiyata ce, kuma tana jiran nata sakamakon daga nan."

Oga ya yi gyaran murya. "Ƙaramin abu ne, ranki ya daɗe..."

"Waɗanda suka fita fa, akwai na ƙarya?" likita ta katse shi.

Dogo ya ɗaga wayarsa. "Ni dai an ce in zo da gaggawa, in taho da wani nawa."

Wata ma'aikaciyar jinya ta tuntsire da dariya, ta kama bakinta. Likita ba ta yi ba.

"Ba za a sake jona wannan igiyar ba sai na zauna da ku mun bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mu ci gaba da kiran mutane da baki kamar da." Ta juya ga Auta. "Nata ya fita?"

"Ban sani ba."

"To me kike jira? Je ki kira ta."

A baranda Auta ta jingina da bango, ta kira Mama. Ƙara ɗaya, biyu, sai aka ɗauka. Ta kasa kunne ta ji yadda muryar za ta fito.

"Auta, wai me ye ne kike ta doka min waya? Hannuna duk kumfa, wanki nake."

"Ba komai, Mama. Wani saƙo bai shigo miki ba?"

"Bari in duba." Aka ji ƙarar bokiti, aka ji tsaki. "Ba abin da ya shigo sai kiranki. Ke da kike can, sakamakon nan nawa ya fito kuwa?"

Auta ta sulale ta zauna a ƙasa. Ta gilashin ƙofa tana hango Oga yana tahowa, fuskar nan a murtuke.

"Bai fito ba tukuna, Mama. In ya fito ni zan zo in faɗa miki da bakina."