Falwayar Darini

Musaddiq ya jingina tsani da falwayar, ya ɗora ƙafa, sai kuma ya tsaya. Wayar da iska ta tsinka tana reto a samansa. Mutanen Darini sun kewaye shi da jarkoki, don tun da ta tsinke injin rijiyar garin bai sake tashi ba.

Watan jiya aka tura su kwas Katsina, shi da sauran masu gyaran layi. Abu guda malamin ya yi ta nanatawa: kada ka hau sai mai tsaron tashar wuta ya gaya maka da bakinsa cewa ya kashe layin. To ga shi an yanke sabis a yankin saboda 'yan bindiga. Ya duba wayarsa duk da haka. Ba komai.

Malam Yero, dattijon unguwar, ya matso.

"Ɗana, me kake jira? Rabonmu da wuta ai an kwana biyu."

"Baba, ba ta sallama in za ta dawo."

"Matanmu rafi suke zuwa ɗibar ruwa. Ka san ko su wa ke bakin rafin nan yanzu."

Ya sani. Matar wansa ma a hanyar rafi aka ɗauke ta bara. Ya dubi tsanin, ya dubi jarkokin. Aikin ba wani mai yawa ba ne, a da da tuni ya gama yana shan fura.

Ya sauke ƙafarsa.

"Bari in je Batsari in gani da idona. In sha Allahu gobe da sassafe ina nan."

Ba wanda ya zage shi. Wata tsohuwa ce kawai ta ɗauki jarkarta, ta kama hanyar rafi.

Ya iso tashar wutar Batsari da la'asar, bayansa na ciwo saboda ramukan hanya. Daudu mai tsaro yana zaune a inuwa yana fifita da kwali.

"Layin Darini? Haba Musaddiq, tun shekaranjiya ba a ba mu wuta ba. Da ka hau abinka."

Musaddiq ya wuce shi. Ya shiga ciki ya ja makunnin ƙasa mai hana wuta bin layin Darini ko da an kawo ta, ya ɗana masa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Sannan ya fito ya zauna kusa da Daudu, ya tambaye shi ko akwai ruwan alwala.