Tawada a Damtsen Baƙuwa

Shekara talatin da ɗaya Shadliya tana wankan gawar mata a Jarjis, wani gari na bakin teku, kuma kamar yadda take faɗa da bakinta, babu wadda ta taɓa dawowa ta kawo ƙara. Duk garin Halti ake ce mata, kamar ita ce ƙanwar uwar kowa. To da aka yi shela ana neman 'yan sa-kai da za su koyi aikin gawarwakin da teku ke amayowa, aka ce wata likita ce za ta zo daga birnin Safakus ta koyar, sai da Halti ta ja tsaki har maƙwabciya ta ji. Ita za a koya wa gawa? Yarinyar da ƙila ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da ita ta fara yanka likkafani?

Amma ta ba da sunanta, kuma ba neman ilmi ya kai ta ba. Saboda Baƙuwa ta bayar.

Wata takwas ke nan, ana tsakiyar tsinkar zaitun, wani kwale-kwalen masu tsallaka teku da ya taso daga garin Zuwara ya kife, masunta suka shigo da gawa biyar. Huɗu maza, ɗaya mace, baƙa, siririya, mai wushirya da ƙananan kitso, ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba. Ruwa bai daɗe da ita ba, fuskarta ras kamar mai barci. Halti ce ta wanke ta, ta naɗe ta da farin yadin da ta ajiye wa kanta, aka binne ta a filin nan na bayan gari inda ake sa waɗanda ba su da kowa. Tun daga nan duk Juma'a sai ta je da buta ta yayyafa wa kabarin ruwa, ta zauna tana ba ta labarin gari. Ba ta san sunanta ba, shi ya sa take ce mata Baƙuwa. Ta ji an ce likitar nan tana nemo wa matattu sunayensu, har a kira danginsu a waya. Abin da take so ke nan, a gaya wa uwar yarinyar inda 'yarta take kwance.

Ai ita ma Halti ta san zaman jiran waya. Ɗanta Lasad ma ta ruwan nan ya tsallaka shekarun baya. Kwana huɗu ta yi da waya a ƙirji, ko banɗaki da ita take shiga, kafin ya kira daga tsibirin Lamfedusa na Italiya. Yanzu yana birnin Marsiliya yana fentin gidaje, da mata da 'ya'ya biyu. Kwana huɗu kacal, amma har yau ba ta manta ba.

A tsohon ɗakin ajiyar raga na masunta aka yi karatun, da safiyar Asabar. Su goma sha ɗaya ne, har da Balgasim, tsohon masuncin da ciwon baya ya raba da teku ya koma haƙa kabari.

"A'a, Halti, ke ma makaranta?" in ji shi. "Ina jakarki da biro?"

"Na zo in ga ko za su koya maka haƙa kabari miƙaƙƙe ne, Si Balgasim. Na bara duk sun karkace kamar haƙoranka."

Aka kwashe da dariya, har da likitar. Insaf ne sunanta, 'yar gajera mai tabarau, magana ƙasa-ƙasa sai an kasa kunne. Ta raba musu safar hannu da takunkumi, sannan ta yaye wani zane da ke kan tebur. Mutum-mutumi ne irin na shagon tufafi, an sa masa wando uku da riga biyu, yadda masu tsallakawa ke jibga duk abin da suka mallaka a jiki.

"Ga shi yanzu aka fito da shi daga ruwa," in ji ta. "Wa zai fara?"

Wa kuwa zai fara in ba Halti ba? Ta miƙe, ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla. Ta lulluɓe shi da zane daga ƙirji zuwa gwiwa, ta zare tufafin ta ƙarƙashi cikin ƙwarewa, ko yatsa bai bayyana ba. Ta dunƙule su ta jefar gefe, ta ce a kawo ruwa mai ɗumi.

"Tsaya, Halti. Kayan nan fa, ina za su?" in ji likita.

"Wuta mana, 'yata. Kayan da suka sha ruwan gishiri da mutuwa, wa zai sa?"

"Ni nake ƙonawa," in ji Balgasim da alfahari. "Da rabin duro na musamman."

Likita ta sunkuya kan kayan. Ta ɗauko wando na ciki, ta bi ƙugunsa da yatsu a hankali, ta tsaya wuri ɗaya. Ta sa almakashi ta farke kalmasar, ta zaro wata 'yar takarda da aka naɗe da leda aka liƙe bakinta da wuta. Suna ne a jiki, da lambar waya.

"Sun san ruwan nan yana cin mutane," in ji ta. "Kafin su hau jirgi suke ɗinke wannan a ƙugu, ko wuyan riga, ko harshen takalmi. Ba mu da abin da ya fi shi daraja."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Balgasim ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bakinsa buɗe. Shekara nawa yana cinna wa duron nan wuta?

Likita ta kunna na'ura, hotuna suka fito a bango. Ɗamara da rubutu a cikinta. Zobe. Wani tabo a gwiwa. Sannan damtsen wani mutum, da jerin lambobi baƙaƙe daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

"Wanda bai samu allura da zare ba, a jikinsa yake rubutawa, da alƙalamin nan da ake rubutu a kwalin kifi. Lambar gida ce, ta uwa ko ta mata. Wannan bawan Allah da ita muka samu 'yan'uwansa cikin kwana biyu. Saboda haka doka ta farko, ba ruwa, ba sabulu, sai an ɗauki hoton ko'ina. Wanka shi ne ƙarshe."

Halti ta ja da baya. Ta laluba bayanta ta zauna a kan tulin raga, kunnuwanta na ƙara. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta san wannan rubutun. Ta gan shi a damtsen hagu na Baƙuwa, dogon layi baƙi ƙirin.

Ranar wankan ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ɗauka 'yan fasa-ƙwaurin mutane ne suka sa mata lamba, yadda ake shafa wa tumaki fenti a kasuwar Laraba. Ta tsine musu, ta tsine wa iyayensu, ta rantse 'yar mutane ba za ta je gaban Ubangijinta da shaidar azzalumai a jiki ba. Sabulu ya ƙi fitar da tawadar. Ta aika aka kawo man zaitun da lemun tsami, ta zauna da soso tana dirzawa tana lallashi: yi haƙuri 'yata, saura kaɗan. Ta fi rabin sa'a a kai. Da fatar ta fito fes har daɗi ta ji, ta sumbaci wurin. Kuma ta sha ba da labarin nan a gidajen makoki, mata suna sa mata albarka.

"Halti, lafiya?" Likita ce tsugune a gabanta da kofin ruwa.

"Na goge," in ji ta. Muryar ba kamar tata ba. "Yarinyar lokacin zaitun. Akwai a hannunta. Ni na goge da hannuna."

Wata ɗaliba ta toshe baki. Balgasim ya ce, "La ilaha illallah. Ni kuma na ƙone rigarta." Babu wanda ya kalli wani.

"An ɗauki hoto kafin wankan?" in ji likita.

"Wane hoto? Mace ce fa! Ni na kori mai hoton daga ƙofa, na ce ba a gabana ba."

Likita ta cire tabarau ta murza idanu. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ciro littafi da biro.

"Kin daɗe kina kallon lambobin. Rufe ido, ki gaya min abin da kika tuna. Kada ki ƙirƙira."

Halti ta rufe ido. Ga damtsen nan, ga soson, ga ƙamshin lemun tsami. Daga wuyan hannu ta fara gogewa ta yi sama, na kusa da gwiwar hannu su suka fi taurin kai, su ta bari ƙarshe.

"Akwai 'yar alama kamar gicciye. Sai biyu. Sai wani biyun. Sai huɗu."

"Sai me?"

Ta matse ido har ya yi zafi. Babu. Baƙin ruwa kawai take gani yana gangarawa cikin kwano, ruwan da ta ɗauka da kanta ta zuba a gindin zaitun don kada a taka.

"Biyu, biyu, huɗu lambar ƙasa ce," in ji likita a hankali. "Gini. Saura lamba tara a bayanta."

"To ai an samu! Gini! A kira Gini mana!"

"A kira wa, Halti? Ƙasa ce guda."

"A tono ta to. An ce kuna gane mutum ta ƙashinsa."

"Za mu iya ɗaukar ɗan ƙashi mu gwada, kuma za mu yi. Amma sai an samu jinin wani nata a gwada da shi. Sai in uwar ta san inda za ta zo nema." Ta rubuta lambobi ukun, ta ja layi tara a gabansu, ta rufe littafin. "Ba mugunta kika yi ba."

"Ban tambaye ki ba," in ji Halti.

Aka ba da hutun shayi, ba wanda ya taɓa kofi. Halti ta fita bakin ƙofa inda jirage ke ɗaure, ta kira Lasad a waya. Ana jin ƙarar titi a bayansa.

"Yumma! Lafiya da rana tsaka? Ina kan tsani fa."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka tsallaka, ka tafi da lambata?"

Ya yi dariya. "Yau kuma tsohon zance? Na tafi da ita mana."

"A ina ka sa?"

"A hannu na rubuta, manya-manya, da alƙalamin masu kifi. Sati biyu ta ƙi fita, har 'yan Italiya suna min dariya. Na ce ko ruwa ya ci ni, duk ɗan halal ɗin da ya tsince ni zai kira ki, kada ki ƙare rayuwarki kina jira. Duk jirginmu haka muka yi."

Halti ta jingina da bango.

"In wani ya goge fa?" in ji ta.

"Haba Yumma, wane marar imani ne zai goge? Yumma? Kina ji na?"