Albasar da Ba Ta Kwanta Ba

Ikilima ta gaji da zancen albasa. Tun da aurenta ya mutu ta dawo gidan mahaifinta a Marnona, ta gama idda, Jafaru yake zuwa wurinta zance. Manomin rani ne a fadamar Wurno, mutumin kirki, wannan ba ta musu. Amma duk ranar da ta taɓo masa maganar turo magabata, amsarsa ɗaya ce: a bari albasa ta kwanta. Su manoma ba sa cire albasa sai ganyenta ya kwanta da kansa, wuyan ya bushe. Wadda aka cire kafin nan ba ta ajiyuwa, nan da nan take ruɓewa, 'yan kasuwa kuma su saye ta yadda suka ga dama. Bara albasar ta kwanta, sai injin ban ruwa ya mutu. Aka ce mata sai baɗi.

Bana kuwa azumi ya faɗo a Fabrairu, guntun watan da ba ya jiran kowa. Kowa na son ya aurar da 'yarsa kafin a kama azumi, ga Ikilima ita ce mai yi wa amare lalle. Yau tana Lahodu, gobe Gandi, bayanta kamar zai tsinke, tana ƙawata hannun 'yan matan da ta goya. Wannan ya fi ciwon bayan ci mata rai.

Ran nan mahaifinta, Baba Atiku, ya kira ta.

"Na gaji da amsa gaisuwa ƙohwar gida. Wanda dut yak kawo kayan azumi shi ni sani da gaske shikai. Kahin a ga wata ki hwaɗa min suna guda."

Mode, direban bas ɗin Goronyo da shi ma yake nemanta, tuni ya kawo nasa: sukari, madara, dabino, har da jan gyale da ya ce na ranar masoya ne, a rediyo ya ji ana yi. Mode akwai surutu, in ya fara ko ruwa ba ya nema. Ba ta son sa, ba ta kuma ƙi shi ba. Shi dai ba ya jiran wani ganye ya kwanta. Jafaru kuwa, zuwansa na ƙarshe cewa ya yi albasar bana sai azumi ya raba tsakiya. Tun daga ranar ta yanke a ranta, Mode za ta ce, kowa ya huta.

Jajibirin azumi, ana kiran la'asar, Inna Indo, matar babanta, ta leƙo ɗaki.

"Mai albasarki na zaure."

Ikilima ba ta yi sauri ba. Ta yi wanka, ta yi salla, ta shafa hoda, ta ɗauko jan gyalen Mode ta yafa da gangan. Mutumin da ya sa ta jira har haka, shi ma ya ɗanɗana. Tana tafe tana shirya maganar sallama, mai ladabi amma mai zafi.

Ta tarar da shi yana barci. Ya jingina da bango, hula ta zame, baki a buɗe, taɓo ya bushe a ƙwaurinsa. A gefensa ga kwalin sukari, gwangwanayen madara, dabino, gero, da wani ɗan buhu da bakinsa ya kwance. Takaici ya kama ta. Duk maganar da ta shirya, ashe bango za ta faɗa wa. Ta sa ƙafa ta ture buhun, albasa ta gangaro kan tabarma.

Ganyen kore shar. Wuyan kauri, da danshin ƙasa a jiki.

'Yar manomi ce, ba ta buƙatar bayani. Jafaru ba shi da abin sayarwa sai gonar nan. Ya cire ta ɗanya, ya kai kasuwa an yi masa sayen wulaƙanci, ya juya kuɗin zuwa sukari da madara. Ban ruwan da ya yi ta yi cikin sanyin asuba tun kaka, ga shi nan a cikin kwali. Ba daɗi ta ji ba. Tausayi ta ji, da haushi, da wata gajiya da ta sa ta zauna a bakin tabarmar ba ta shirya ba.

Baba Atiku ya dawo daga masallaci, ya yi gyaran murya. Ya dubi mai barci, ya dubi kaya, ya dubi gyalen.

"Baba, yi sannu, kwana shikai."

"Na gani. To mi kinka yanke? Wa za ni ce ma mutane?"

Ta zare jan gyalen ta ninke, ta ɗora a cinya. Ta ɗauki albasa guda tana murza ganyen.

"Wanga," ta ce. "Amma in ya tashi ka yi mai hwaɗa, Baba. Diba yadda yal lalata albasa."